Wane tsarin koyon harshen waje ne zai riƙe hankalin ƙananan yara masu karatu a gida?

Maman Hafsat ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya. Yarana biyu nake koyarwa a gida, babbar tana da shekara bakwai, ƙaramin kuma bai jima da cika huɗu ba, kuma ni da mahaifinsu mun tsayar da shawarar su fara Faransanci tun yanzu. Ni kaina na yi shi a sakandare, amma abin da ya rage mini bai wuce gaisuwa da ƙidaya da 'yan kalmomi ba, kuma ba ni da tabbacin cewa furucina daidai yake.

Wata biyar da suka wuce na sauke musu wata manhaja a waya, irin wadda ake taɓa hoto idan an ji kalma, a ba yaro tauraro da maki idan ya dace. Da farko na ɗauka na samu abin da nake nema, domin har rigima suke yi a kan wanda zai fara riƙe wayar. Sai ranar da na ɗaga kofi na tambayi babbar launinsa da Faransanci, ta yi shiru tana kallona, alhali ta wuce darasin launuka da cikakken maki. Da na zauna kusa da ita na lura, sai na gane ta koyi yadda ake cin wasan ne kawai: tana taɓa hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta faɗa kan daidai, ba tare da ta saurari abin da aka faɗa ba. Daga nan na koma ga wani littafin aiki mai jerin kalmomi da ƙa'idojin nahawu. Cikin mako biyu babbar ta fara kuka idan na ɗauko shi, ƙaramin kuwa ko zama ba ya yi.

Tambayoyina su ne waɗannan. Me ya kamata in duba kafin in zaɓi wani tsari, yadda zai ja hankalinsu kuma su koyi harshen da gaske? Shin tsari ɗaya zai ishe su su biyun duk da tazarar shekarunsu? Sannan abin da ya fi damuna, ko gurɓataccen furucina zai cutar da su idan na shiga cikin darasin, ko kuwa gara in bar su da muryar da ke cikin na'ura? Na gode.

Tsohon Malamin Faransanci ya amsa:

Wa'alaikumus salam Maman Hafsat. Abin da kika gani a hannun 'yarki na sha ganinsa a aji tun kafin a san wayar hannu, domin yaro yana da basirar gano hanya mafi sauƙi ta samun lada, kuma idan ladan tauraro ne to tauraron zai nema. Saboda haka ma'aunin da nake ba iyaye shi ne su daina duban yadda yaro ke ɗokin darasi, su duba abin da ke fitowa daga bakinsa ko yake yi da jikinsa bayan an ajiye na'urar. Idan kika ce masa da Faransanci ya kawo takalminsa ya tashi ya kawo, to harshen ya shiga, ko da bai furta kalma ɗaya ba.

Bari in ba ki labarin wani malami Bafaranshe mai suna François Gouin, wanda ya tafi Jamus a ƙarni na 19 don ya koyi Jamusanci. Ya kulle kansa a ɗaki ya haddace littafin nahawu, ya haddace aikatau marasa bin ƙa'ida, har ya kai ga haddar ƙamus, amma duk lokacin da ya fita cikin jama'a sai ya tarar ba ya fahimtar abin da suke faɗa. Da ya koma gida sai ya iske ɗan ɗan'uwansa, yaro ɗan kimanin shekara uku da ya bari bai iya magana sosai ba, yana zuba Faransanci ba gargada. Ya zauna yana lura da yaron, ya ga cewa yana faɗin abin da yake aikatawa ne daki-daki, yana maimaitawa cikin wasa. Daga nan ya fito da hanyar da ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1880, inda ake koyar da jerin gajerun jimloli masu bin juna tare da aikata su: na nufi ƙofa, na isa ƙofa, na miƙa hannu, na kama mariƙi, na buɗe ƙofa. Littafin aikin da ya sa 'yarki kuka hanyar Gouin ta farko ce, wadda ta gagari babban mutum mai ilimi, balle yarinya 'yar shekara bakwai.

A shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, ya gina wata hanya mai kama da wannan, wadda ake ba yaro umarni da sabon harshe shi kuma ya amsa da jikinsa. Ki ce *lève-toi* ki miƙe tare da su, ki ce *assieds-toi* ku zauna, ki ce *touche la porte* ku ruga ku taɓa ƙofa. Bayan 'yan kwanaki sai ki daina yi tare da su, ki faɗa kawai ki ga ko za su aikata, sannan ki fara haɗa kalmomin ta hanyar da ba su taɓa ji ba, kamar a taɓa ƙofa da hanci ko a ɗora littafi a ka. Dariyar da za su yi ita ce shaidar sun fahimta. Wannan hanya ta amsa tambayarki ta biyu, domin ɗan shekara huɗu da 'yar shekara bakwai za su iya yin ta tare, kuma ba da jimawa ba babbar za ta nemi a bar ta ta riƙa ba ƙaninta umarni, wanda shi ne farkon maganarta da harshen ba tare da an tilasta mata ba. Kada ki matsa wa ƙaramin ya maimaita. Yara da dama sukan yi makonni ko watanni suna sauraro kafin su buɗe baki, kuma wannan shirun wani mataki ne na koyo.

Game da barin su da na'ura, akwai binciken da Patricia Kuhl da abokan aikinta suka wallafa a 2003 daga Jami'ar Washington. Sun kawo jarirai 'yan wata tara daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi, aka yi musu zama 12 na minti 25 kowanne tare da masu jin Sinanci da ke wasa da su suna karanta musu littattafai. Waɗannan jariran sun iya bambance sautukan Sinanci da ba a samu a Turanci. Wani rukuni kuma aka nuna musu waɗannan mutanen a bidiyo, wani aka kunna musu murya kaɗai, kuma ba a ga alamar sun koyi komai ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne cewa ƙaramin yaro yana karɓar harshe daga mutumin da ke kallonsa yana amsa masa. Don haka duk tsarin da za ki zaɓa, ki tambayi kanki ina gurbinki a cikinsa. Idan an tsara shi ne don a miƙa wa yaro a tafi wani aiki, ban ba ki shawarar sa ba. Idan kuwa yana da jagorar iyaye, da muryoyin 'yan asalin harshen da za ku saurara tare, da wasanni da waƙoƙin da za a yi bayan an kashe na'ura, to ya cancanci a gwada shi.

Baban Mu'azzam ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, musamman labarin Gouin. Sai dai da izininka ina da ja a wuri ɗaya, kuma ina ganin yana da amfani ga Maman Hafsat. Binciken Kuhl a kan jarirai 'yan wata tara aka yi shi, kuma ba daidai ba ne a ɗauki hukuncinsa kai tsaye a ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ta san bin labari kuma tana iya hasashen ma'ana daga abin da take gani. Ɗana ya ɗauki jimloli da yawa na Sifaniyanci daga zane mai motsi da aka yi don yaran da harshen uwarsu ke nan, kuma yakan faɗe su a wurin da ya dace da karin murya irin na masu harshen, abin da ni ba zan iya ba shi ba. Bambancin da na lura da shi shi ne tsakanin bidiyon da ke ba da labari cikin sauƙaƙan jimloli masu maimaituwa, da manhajar da ke jefo kalma ɗaya-ɗaya ba tare da mahalli ba. Na farkon yana da amfani idan an kalla tare kuma an maimaita shiri ɗaya sau da yawa. Akwai ma wani bincike da aka wallafa a 2014 da ya nuna cewa yara 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi sun koyi sababbin kalmomi ta hirar bidiyo kai tsaye da mutumin da ke amsa musu, amma ba su koya daga bidiyon da aka riga aka naɗa ba. Ke nan allon ba shi ne matsalar ba, rashin mai amsawa ne.

Abu na biyu da nake so in faɗa shi ne a rage wa kai fargaba. Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne ta fuskar kunne da furuci. Amma ta fuskar saurin koyo a darasi na 'yan mintoci, abin ba haka yake ba. Carmen Muñoz da abokan aikinta sun bi ɗaliban da ke koyon Turanci a makarantun Basalona, wasu sun fara suna da shekara takwas wasu kuma sha ɗaya, kuma bayan an ba su sa'o'in darasi iri ɗaya waɗanda suka fara da girma ne suka fi ci gaba a yawancin gwaje-gwajen. Ƙananan yara suna yin fice ne idan harshen ya kewaye su sa'o'i da yawa a kullum.

Ki yi lissafi da kanki, Maman Hafsat. Minti 15 a rana, kwana biyar a mako, sa'o'i 65 ke nan a shekara. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta sa'o'i 600 zuwa 750 na aji kafin babban mutum mai jin Turanci ya iya aiki da Faransanci. Ban kawo wannan don in karya miki gwiwa ba. Na kawo shi ne don ki guji duk tsarin da ya yi alkawarin yaro zai iya magana cikin wata uku, kuma don kada ki zargi kanki ko yaran idan shekara ta zagayo ba su wuce gajerun jimloli ba. A wannan shekarun, idan suka samu kunnen harshen, suka tara kalmomin gida da na jiki da na wasa, kuma ba su tsani harshen ba, an ci riba babba.

Maman Iman ta amsa:

'Yar'uwa Maman Hafsat, ni shekara uku ke nan ina kan wannan hanya da yarana, kuma na canza tsari sau biyu kafin na zauna a kan wanda muke bi yanzu, don haka bari in gaya miki yadda nake gwada abu kafin in amince da shi. Ba na yanke hukunci daga darasin farko, domin kowane kamfani a nan yake zuba ƙoƙarinsa. Nakan tsallaka zuwa darasi na goma ko na ashirin in ga ko kalmomin da aka koyar a farko suna sake dawowa cikin sababbin jimloli, ko kuwa an bar su a baya an shiga wani jeri. Abin da ba a waiwaye shi ba bayan kwana biyu, da mako guda, da wata guda, yakan gushe daga kan yaro kamar ba a taɓa yi ba. Nakan kuma rufe ido in saurara: mutane ne ke magana ko muryar kwamfuta, kuma muryoyi nawa ne? Yaron da ya saba da murya ɗaya tak yakan rikice idan ya ji wani yana faɗin kalmar da ya sani.

Tunda Faransanci kuka zaɓa, akwai abubuwa biyu da suka keɓanta da shi. Na farko, ki tabbata tsarin yana koyar da kowane suna tare da *le* ko *la* ɗinsa tun ranar farko. Mu masu jin Hausa mun san jinsin kalma, amma jinsin ba ya zuwa ɗaya a harsunan biyu: rana mace ce a wurinmu, wata kuma namiji, alhali a Faransanci *le soleil* namiji ne, *la lune* kuma mace. Idan yaro ya haddace suna tsirara, sai an sake koya masa daga baya. Na biyu, ki jinkirta rubutu. Rubutun Faransanci cike yake da haruffan da ba a furtawa, kalmar ruwa ana rubuta ta *eau* a furta ta "o", kuma yarinyar da ba ta daɗe da ƙwarewa a karatun wani harshe ba za ta karanta su da ƙa'idar da ta sani. Na yi wannan kuskuren da babbar 'yata, kuma sai da muka ɗauki watanni muna gyara kalmomin da ta fara gani a takarda kafin ta ji su. Yanzu sai kalma ta zauna a kunne da baki nake nuna ta a rubuce. Ƙaraminki kuwa ba shi da buƙatar ganin rubutun ko kaɗan a yanzu.

Ki kuma kula da lokacin allo, musamman saboda ɗan shekara huɗun. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana suna zaune gaban allo, kuma ƙasa da haka ya fi. Mu abin da muke yi shi ne minti goma na kallo ko sauraro tare, sannan sauran ya bazu cikin yini: sunayen tufafi lokacin sa kaya, ƙidaya lokacin hawa matakala, waƙa lokacin wanka. Akwai wata 'yar tsana da muka ce ba ta jin kowane harshe sai Faransanci, kuma ita ce ta sa ƙaramar 'yata ta fara magana, domin ta ƙi yarda a bar 'yar tsanar ba mai yi mata bayani.

Maman Hafsat ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da yau mun gwada wasan umarnin da Malam ya kwatanta, da kalmomi biyar kacal, kuma ƙaramin ne ma ya fi ɗoki, har ya ƙi yarda a tsaya. Maganar Baban Mu'azzam ta lissafin sa'o'i ta kwantar mini da hankali, domin a gaskiya ina ganin kamar na makara. Sai dai Malam, tambayata ta ƙarshe tana nan: ina jin tsoron in dasa musu furucin da ba daidai ba, musamman sautukan da ake fitarwa ta hanci da kuma bambancin *u* da *ou*, wanda har yau kunnena ba ya rabewa sosai. Sannan ta yaya zan san muna ci gaba, tunda na daina yarda da makin na'ura?

Tsohon Malamin Faransanci ya amsa:

Maman Hafsat, na karɓi gyaran Baban Mu'azzam, ya yi gaskiya cewa babbar za ta amfana da labaran bidiyo fiye da yadda maganata ta nuna. Game da furuci, furucinki zai zama matsala ne kawai idan ke kaɗai suke ji. Idan suna sauraron masu harshen a kullum ta waƙoƙi da labarai, kunnensu zai karkata ga abin da ya fi daidai, kuma kada ki yi mamaki idan nan da 'yan watanni 'yarki ta fara gyara miki. Abin da zan ba ki shawara shi ne ki saurari jimlolin gobe tun daren yau, ki maimaita su sau da yawa, kada ki karanto su daga takarda. Sautin *u* kuwa yana da dabara: ki shirya bakinki kamar za ki ce "i", ki bar harshenki a wurin, sannan ki tattara leɓɓanki kamar mai shirin fito. Ki gwada da *tu* da *tout* a gaban madubi tare da yaran, su ma wasa ne a wurinsu. Idan da hali, ki samo mai jin harshen sosai da zai yi hira da su minti 20 sau ɗaya a mako, ko da ta kiran bidiyo ne, kuma ki roƙe shi ya yi wasa da su maimakon ya yi musu darasi.

Don auna ci gaba, ki ajiye ɗan littafi ki riƙa rubuta abubuwa biyu a ƙarshen kowane mako: umarnin da suka bi ba tare da kin nuna da hannu ba, da duk abin da suka faɗa da kansu ba a tambaye su ba. Ki naɗi muryarsu sau ɗaya a wata ki ajiye. Idan nan gaba kina son ma'auni daga waje, akwai jarrabawar DELF Prim ta Ma'aikatar Ilimin Faransa, wadda aka tsara don yara 'yan shekara 7 zuwa 12 a matakan farko na iya harshe, wato A1.1 da A1 da A2. Ban ce ki sa babbar ta zauna ta yanzu ba, amma ki nemi samfurin tambayoyin matakin A1.1 ki duba, domin za su nuna miki irin abin da ake sa ran yaro ya fahimta a farkon tafiya, kuma da su za ki iya gwada duk wani tsari da aka tallata miki. Ki dawo mana da labarin abin da ke cikin ɗan littafin nan bayan wata guda.